Tob Ɗin Inna a Bargon Japanawa

Ni fa ba ɗinki ya kai ni Japan ba, maigida na bi. Sai dai yau duk wanda ya ce in ba shi labarin ƙasar nan, da tob ɗin Inna nake farawa. Tob shi ne dogon mayafin da mu matan Sudan muke naɗe jiki da shi daga kai har idon sawu. Na Inna, mahaifiyata, shi kaɗai ne abin da ya rage nata a duniya, kuma a hannun wasu tsofaffin matan Japanawa ya je ya maƙale, matan da ko hotonta ba su taɓa neman gani ba. Bari in ɗauko muku daga inda na sauka.

Zangona na farko wani ɗaki ne a saman garejin da maigida yake aiki, a bayan wani gari na bakin teku. Aikinsu farke tsofaffin motoci. Su cire inji da giya da fitilu, su cusa a kwantena, kayan su bi ruwa har Port Sudan, daga nan su ƙare a garejojin Alshajara a Khartoum. Wani dillali ɗan ƙasarmu mai suna Ja'afar shi ya turo mini hoton gida tun ina Omdurman: falo, labule, har da tukunyar fure a taga. Da na iso sai na tarar da ɗakin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, tagarsa tana kallon tulin tayoyi.

Na ce, "Ya Ja'afar, ina gidan cikin hoto?"

Ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ya Nafisa, mai gidan ya fasa."

Ashe gidan da shi kansa yake ciki ne ya ɗauka ya turo mini. Na ja masa Allah ya isa a gaban maigida, kuma har yau ban janye ba.

Mun yi yawon neman haya har dugadugan takalmina suka cinye. Japanawa ba sa ce maka a'a. Mai gida zai fito ya sunkuya, ya yi murmushi, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya ce, "Kai, abin da wuya." Ni kuwa 'yar kasuwar Omdurman, na ɗauka ciniki aka buɗe. Na riƙa zungurar maigida ina cewa ya matsa masa. Ya ce, "Ke, yi shiru. In sun ce da wuya, an rufe magana ke nan. Fuskarmu suka gani." Ƙarshe sai da mai garejin ya tsaya mana, sannan muka samu ɗaki biyu a wani tsohon bene, zango na biyu ke nan.

Ranar da muka tare na yi abin da kowace 'yar mutunci za ta yi a unguwarmu ta Alsawra. Na soya zalabiya, na barbaɗa sukari, na cika faranti na sauka wurin matar da ke ƙasa da mu. Ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta leƙo da ido ɗaya, ta karɓa tana sunkuyawa. Na hau sama ina murna na yi maƙwabciya. Da safe na buɗe ƙofa na ga farantina a ajiye, zalabiyar na nan yadda na jera ta, an lulluɓe ta da leda tsaf. Wallahi da zubarwa ta yi ta dawo mini da faranti a wanke, da ban sani ba, da na yi ta yi mata addu'a.

Ita ce dai ta riƙa dawo mini da shara. A can kowace shara da ledarta da ranarta: mai ƙonewa daban, gwangwani daban, kwalba daban, murfin kwalbar ma daban. In na yi kuskure sai in tarar da ledar a bakin ƙofata an kwance ta an sake ɗaurewa. Matar da ta kasa taɓa zalabiyata, ga ta tana zura hannu har gwiwa cikin bolata! Na ce da maigida zan sauka in same ta. Ya riƙe ni ya ce in rufa masa asiri, takardar zamanmu a hannun mutanen nan take.

A jirgin ƙasa kuwa kullum ina da wurin mutum biyu. Ko an cika maƙil, kujerar da ke kusa da ni a buɗe take. Da farko abin yana ci mini rai, daga baya na riƙa ɗora jakata a kai ina miƙe ƙafa. Amma azumi shi ya fi karya ni. A Alsawra in magariba ta gabato maza ke fitar da tire-tire bakin titi, su miƙe rawani a titi su tare motar haya, su sauke fasinjojin da ba su taɓa gani ba, dole sai sun sha ruwa. A nan kuwa ni da bango muke sha, maigida yana can ƙarƙashin mota. Na yi kukan da ban taɓa yi ba ko ranar da aka kai ni ɗakin miji.

Wata malama da ke koya mana Japananci kyauta a ofishin gunduma ita ta ga facin da na yi wa jakata. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce akwai wasu mata da ke taruwa kowace Talata a saman ofishin suna ɗinkin bargon ƙyallaye, ko zan je? Na ce ko taron masu tsince shinkafa ne zan je, in dai akwai mutane.

Zango na uku ke nan, kuma nan na fi daɗewa. Ɗinkin haka yake: a yayyanka ƙyallaye ƙanana, a haɗa su da hannu su ba da zane, a shimfiɗa auduga a ƙarƙashi, a sa wani yadin a baya, sannan a bi duka ukun da allura, ɗis-ɗis-ɗis, har su zama abu ɗaya. Ni auduga ba baƙuwata ba ce. Kakata a gonakin Gezira ta tsufa tana tsintar ta, kuma ina ƙarama na sha zama ina kallon mai gyaran katifa yana kaɗa ta a tsakar gidanmu. Amma a ce mutum ya sayi sabon yadi ya yayyanka shi don ya sake haɗawa, wannan kam sai da na yi dariya.

Shugabarsu wata ce Kuroda, siririya, gashi fari fat, tabarau a rataye da igiya. Da ma'auni take bin ɗinkin mutum. In ta zo kan nawa sai ta ɗaga shi ga haske, ta ɗaure fuska tamau, ta ɗauko abin farke ɗinki ta bi shi tas, ta miƙo mini da hannu biyu tana sunkuyawa. Aikin mako guda! Sauran matan in na shigo sai hira ta mutu, in na tafi bayi ta tashi. Mutum ɗaya ce ke zama kusa da ni, Michiko, wadda ta girme su duka, kunnenta ɗaya ba ya ji. Kowace Talata sai ta turo mini lemo ɗaya ta ƙarƙashin tebur, ba ta kallona, ni ma ba na kallonta.

Me ya zaunar da ni? Ɗinkin ne. Na so shi, so na gaske. In allura ta fara shiga tana fita, kaina yakan yi shiru, in manta matar ƙasa da ledarta. Na riƙa tsintar tsofaffin rigunan maigida ina yankawa, har ya fara ɓoye mini kaya.

Al'adarsu ce kowace shekara su haɗu su ɗinka babban bargo ɗaya, a baje shi a bikin nune-nunen gari, bayan nan a kai shi kyauta gidan tsofaffi. Kowa takan kawo ƙyallen da ke da tarihi a gidansu. Shekarar da nake ba ku labari tsakiyar bargon ta haɗu, shuɗi da fari, amma aka rasa abin da za a zagaye gefensa da shi. An kawo yadi kala-kala, Kuroda tana karkata kai tana cewa da wuya. Sai na tuna tob ɗin da Inna ta cusa mini a akwati, kore mai duhu da ƙananan furanni ruwan ɗorawa. Ba biki ba suna a Alsawra da bai halarta ba.

Na kawo shi na warware a kan tebur. Matan suka matso suna kallo. Kuroda ta sa tabarau, ta shafa shi da bayan hannu, ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Nafisa-san, za ki iya ba mu?" San ɗin nan girmamawa ce a wurinsu. Kaina ya yi gingirim. Na ce ku ɗauka duka. Da yake shara-shara ne sai aka ninka shi biyu, ya cinye kusan gaba ɗaya, guntayen da suka rage aka share aka zubar ina kallo.

Na kira Inna na gaya mata. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ya salam! Japanawan duk da motocinsu sun rasa yadi ne, sai tsohon tob ɗina? To ki gaya musu ya sha miyar biki, kada su ga tabo su ce ƙazama ce uwarki." Na ce zan sayo mata sabo wanda ya fi shi. Ta ce in dai sayo kaina in kawo mata.

Cikin azumin da ya biyo baya yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Ba zan ba ku labarinsa ba, wanda ya gani shi ya fi ni. Ni abin da na sani shi ne waya a hannu, ina kira tana ƙin shiga. Inna tana da ciwon sukari. Yayata Hawwa ce ke tare da ita a gida, ita ke fita neman magani ƙarƙashin ruwan harsashi, daga wannan kantin zuwa wancan, har ya ƙare a ko'ina. Wata safiya waya ta shigo. Yaya Hawwa ta ce, "Nafisa, Inna ta cika. Mun rufe ta a filin bayan masallaci, hanyar maƙabarta ba ta biyuwa." Kafin in buɗe baki layin ya yanke. Bayan 'yan makonni na ji sun gudu ƙauye, bam ya faɗa wa ɗakin Inna, ɓarayi sun kwashe abin da wuta ta bari.

Talatar da na koma na gaya musu. Suka miƙe suka sunkuya dukansu. Kuroda ta ce ta yi baƙin ciki, sannan ta ce kusurwar hagu ba ta ƙarasa ba. Na zauna na ɗauki allura. Hannuna yana kan tob ɗin, sai a lokacin ya faɗo mini cewa babu saura: ba zane, ba carbi, ba ko kofin shayinta. Wannan koren gefen shi ke nan. Na ƙudurta a raina in an gama nune-nune zan roƙe su su bar mini shi. A makon da ya biyo, maimakon lemo, Michiko ta turo mini ɗan akwati na turaren tsinke. Ta ce su ma shi suke kunna wa mamatansu. Na riƙe hannunta na yi kuka. Na ce a raina, ashe mutanen nan sun san turare.

Aikin ƙarshe a bargo shi ne kalmashe bakinsa, aiki mai cin rai da ba wanda ke so, don haka wadda ta zo daga baya ake ba. Aka naɗe shi aka ba ni in kai gida. Na kalmashe shi ina wa Inna addu'a a kowane gefe. Da na gama sai na yi abin da aka haife ni na tarar ana yi. A wurinmu ba a mayar wa mutane kaya haka gayau. Ko zanen gado ka ara, sai ka wanke ka turara kafin ka mayar. Balle abin da za a nuna wa gari, balle kuma tob ɗin mamaciya. Ina da ragowar turaren wuta a kwalba wanda Inna ta haɗa da hannunta, itacen sandal da ta dafa da sukari da turaruka, ina ta tattalinsa. Na ce yau ranarsa.

A gida ba dama, akwai na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi. Ranar Lahadi da hantsi na kai shi bayan gareji, na jera kujerun mota, na rufa bargon a kai, na tura kasko a ƙarƙashi. Maigida ya leƙo ya ce, "Nafisa, mutanen nan fa ko turaren jiki ba sa so. Ni ban ga alheri a nan ba."

Na ce, "Kai dai ka san inji. Su da kansu suka ba ni turare."

Na juye kwalbar duka. Hayaƙin ya shiga auduga ya zauna. Na cusa fuskata a ciki, wallahi sai ka ce Inna ce ta shigo daga gidan biki.

Ranar Talata na shiga da shi ina taƙama. Na kwance ƙullin. Ba a gama warwarewa ba wata ta toshe hanci da hankici, wata ta ruga ta buɗe tagogi cikin sanyin nan, wata ta ce kanta ya fara sarawa. Kuroda ta sunkuya ta shinshina, ta ja da baya.

Ta ce, "Me kika zuba masa?"

Na ce, "Turare ne. Girmamawa ce. Haka muke yi."

Ta ce, "Wa kika tambaya?"

Na nuna Michiko na ce ai ita ma ta ba ni turare. Kuroda ta ce wancan a gaban mamaci ake kunna shi, ba a cikin kayan mutane ba. Ta ce zauren nune-nune ba zai karɓa ba, warin zai kama sauran barguna. Wari! Turaren Inna ta kira wari. Jinina ya hau, Japanancina ya gudu, na koma zazzaga musu Hausa da Larabci a haɗe, suna tsaye suna kallon ƙasa. Ni har gobe ban ga laifina ba. Abu mafi daraja da nake da shi na ba su.

Ba su kore ni da bakinsu ba, ba haka suke yi ba. Malamar Japananci suka turo ta same ni a bakin bene, ta ce matan sun ga na gaji da makoki, gara in ɗan huta. Na ce har yaushe? Ta ja iska ta haƙora. Ta ce an kai bargon wurin masu wankin da ke cire wari. Na ce to na ji, na huta, amma a ba ni tob ɗin uwata. Ta je ta dawo da amsar Kuroda: abin da ya shiga bargo ya zama na kowa, allurar kowa ta ratsa shi, za a nuna shi sannan a kai gidan tsofaffi kamar kowace shekara. Na sake aikawa na ce uwar ta mutu, gidan ya ƙone, ba ni da komai nata. Aka dawo mini da cewa an tausaya ƙwarai, amma abin da wuya.

Wato ni a waje, tob ɗin Inna a ciki. Na kwana na tashi da maganar har abinci ya daina shiga.

Talatar ƙarshe kafin nune-nune na ɗauki babban almakashin da suke yanka rigar kujera da shi a gareji, na sa a jaka, na hau bene. Sun haɗa tebura sun shimfiɗa bargon suna duba shi. Na yi sallama irin tamu, ba wadda ta ɗago. Na je na sunkuya na shinshina gefen. Ƙamshin asibiti. Sun kashe shi tas.

Na ce, "Kuroda-san, na zo karɓar kayana. Ki ba ni da hannunki ya fi."

Ta ce, "An riga an ba ki amsa."

Na fito da almakashi. Na soka shi daidai inda kore ya haɗu da shuɗi, na fara yanka, da auduga da yadin baya duka. Wata ta ƙwalla ƙara, wata ta ruga kiran ma'aikacin ofis. Amma ba wadda ta taɓa ni, su ba sa kama mutum. Kuroda ta zagayo ta tsaya a gabana. Ta dafa wani shuɗin ƙyalle a tsakiya ta ce, "Wannan rigar mijina ce. Ya mutu. Ni na ce a ba ni?"

Na ce, "Ke kina da kabarinsa da kike zuwa ki wanke, kina da gidansa, kina da kayansa cike da kabad. Ni fa?"

Sai ta ɗaga murya, karon farko da na ji Bajapaniya ta yi ihu. "Ki koma ƙasarku!"

Na ce, "Tana ci da wuta. Matsa."

Ina cikin yanka, almakashin ya fara karkacewa zai ci cikin shuɗin. Sai na ji yadin ya miƙe. Michiko ce ta kama ɗaya ɓangaren da hannayenta masu jijiya ta ja shi ya yi tsam, don in yanka daidai. Wata ta kira sunanta da tsawa, ta juya mata kunnen da ba ya ji. Haka muka zagaye bargon ni da ita, ban ci ko zare ɗaya na rigar mijin Kuroda ba. Gefen ya fita a haɗe, abu ɗaya mai kusurwa huɗu. Na naɗe shi na sa a jaka. Kuroda ta zauna a kujera ta rufe fuska, kuma ba zan ɓoye ba, kukanta ya taɓa ni. Amma ban ajiye ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Ɗan sanda ya zo har gida ya yi ta tambayoyi cikin ladabi. Mai gareji ya kira maigida ya wanke shi tas a gaban ma'aikata, shi kuma ya dawo ya daina yi mini magana sai da ido. Malamar Japananci in ta hango ni sai ta tsallaka titi. Garin ƙarami ne, kowa ya ji labarin baƙar matar da ta shiga da almakashi. Michiko ban sake ganinta ba. Ni kuwa ko a jikina, in dare ya yi tob ɗin yana ƙarƙashin matashina.

Da hanya ta ɗan buɗu na ce sai na je na ga kabarin Inna. Jirgi ya sauke ni a Port Sudan, daga nan mota, shinge bayan shinge, kowane a sauke mu a zazzage jaka. Wani soja ya ɗaga tob ɗin ya leƙa ta ramin tsakiyarsa ya ce, "Wannan kuma mene ne, ya hajja?" Na ce na uwata ne. Ya mayar mini.

Omdurman na gane ta ban gane ta ba. Mai raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya sauke ni a bakin layinmu na tsaya ina neman gidan da aka haife ni. Ba ƙofa, ba taga, har wayoyin wuta an zare daga bango. Yaya Hawwa ta dawo daga ƙauye tana zaune a ɗaki ɗaya da ya rage da rufi, ta rataya buhu a madadin ƙyaure. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na rungume ta ina kuka, ita kuwa ta ɗan bubbuga bayana ta ce, "Sannu da hanya. Kin yi ƙiba."

Ta kai ni filin bayan masallaci. Kaburbura ne jere a inda muke wasan 'yar gala-gala muna yara. Ta nuna mini wani da aka kafa wa guntun bulo. Muka yi addu'a muka dawo.

Da la'asar tana dafa shayi a kan gawayi, na ce bari in faranta mata. Na fito da tob ɗin na shimfiɗa a kan tabarma, na shiga ba ta labari: Kuroda, turare, almakashi, ɗan sanda. Ina yi ina ƙara gishiri, ina jiran ta ce kin yi daidai, 'yar Inna. Ta ajiye mafici. Ta ɗauki gefe ɗaya ta bi furannin da yatsa har ta kai kan wani ɗan tabo.

Ta ce, "Wannan ranar sunan ɗana ne. Ni na zubar mata da miya." Ta ɗago. "Ke kika yayyanka shi?"

Na ce, "Da izininta, Yaya. Har dariya ta yi."

Ta ce, "Inna me ba ta yi wa dariya in ke ce? Kina can kina wasan allura da tsofaffi, ni ina nan ina juya ta a kan gado. Ni na wanke ta. Da zanen gado na rufe ta, Nafisa, ba a samu likkafani ba. Na dawo na tone ɗakinta da hannuna, ko maɓalli ban samu ba. Ke da ba ki ɗebo mata ko kofin ruwa ba, ke ce mai abin sawa ƙarƙashin matashi."

Na so in ce ni ma na sha wuya, in faɗi sanyin, in faɗi sharar da ake dawo mini da ita. Na dubi hannayenta na haɗiye. Na naɗe tob ɗin da kaina na ɗora mata a cinya. Ba ta ce ta gode ba. Ta tashi ta shige ɗaki ta saki buhun. Ina jin sautin kukanta, shayin ya tafasa ya zube a kan gawayi, ban shiga ba.

Ranar da zan koma, mai raksha yana jira a waje, na tsaya a bakin ɗakin. Ta shimfiɗa tob ɗin a kan gadonta, ya zagaye katifar. Na yi ta maza na ce, "Yaya, don Allah ko ɗan ƙyalle ne ki yankar mini. Ko kamar tafin hannu."

Ta gyara mini mayafina a kafaɗa, yadda Inna take yi, ta ce, "Yankan ya isa haka, Nafisa. Allah ya kiyaye hanya."

Na ɗauki jakata na fita.